Wakilin Dajin Gada

Musbahu na tsaka da yanke bakin buhun gawayi a gaban wani Balarabe mai gidan shisha, wayarsa ta hau ruri. Ƙanwarsa Ummulkhair ce daga gida. Sha biyu da rabi a unguwar Al Muraqqabat ta Dubai, ke nan a can hantsi ne.

Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba. Ta ce suna harabar kotu, ita da Baba. Ai ya ji dokar da jiharsu ta yi, wadda ta mai da Dajin Gada kamar mutum, har yana iya kai ƙara? Ya ji mana, ranar ma dariya ya yi har da ƙwalla. Daji da lauya, wannan wane irin shirme ne. Ta ce to ba shirme ba ne. Damina uku ke nan tana zuwa a makare, rafi ya ƙafe, mutanen gari suka ce tunda daji ba shi da baki, Babansu Malam Gidaɗo ne zai tsaya masa, yadda ake tsaya wa maraya. Sai dai kafin a naɗa shi wakili, zai dafa Alƙur'ani cewa babu ɗan gidansa da ke cin dajin.

Musbahu ya dubi buhun. Gawayin da ke gabansa ƙirya ce zalla, mai nauyi, ba ta tartsatsi, shi ya sa Larabawa ke rububinta. Shekara uku ana sare masa ita a Gada, ta hannun wani dillali. Mutanen gida kuwa cewa ya yi musu harkar wayoyi yake yi.

Balaraben ya gaji da jira, ya ce yalla habibi, wato ya yi sauri. Musbahu ya ɗaga masa hannu ya fita waje, zafi ya doke shi kamar an buɗe tanda. Muryar Baba ta shigo.

"Kai, na riga na yi alwala. Wani ya tare ni a ƙofa, wai motocin da ke kwasar gawayi daga Gada naka ne. Ban yarda ba. Amma ba zan dafa ba sai na ji daga bakinka."

A'a kawai zai ce, shi ke nan. Wa zai biyo shi Dubai bincike? Amma wallahi tsoro ya kama shi, irin wanda rabonsa da ji tun yana yaro. Dattijo mai shekara saba'in da huɗu zai ɗora hannunsa a kan littafin Allah, a gaban gari guda, kan maganarsa shi Musbahu. 

"Nawa ne, Baba."

Babu salati, babu faɗa. Ya dai ji an ce wa Ummulkhair ta riƙe wayar, kada ta kashe. Sai ƙarar takalma, sai hayaniyar mutane, sai ya gane an shiga zauren kotu.

Baba ya gaya wa alƙali ba zai iya rantsuwar ba, akwai mai cin dajin a gidansa. Alƙali ya ce to biyu ce: ko ya sauka a nemi wani, ko daji ya fara ƙararsa da wannan mutumin. Baba ya ce ba zai sauka ba.

Alƙali ya ce, "Sunansa?"

 Musbahu ne ɗan fari, kuma a gidansu uba ba ya kama sunan ɗan fari, kunya ce. Shekara arba'in da ɗaya daga "kai" sai "yaron nan". Tun yana ƙarami yake marmarin jin yadda sunansa zai fito daga wannan bakin.

"Musbahu Gidaɗo."

Magatakarda ya ce bai ji ba. Baba ya sake faɗa, da ƙarfi, a hankali, don a rubuta daidai.