Hon Ɗin Da Ba Namu Ba

Shekara goma sha tara Baba Maigadi yana buɗe ƙofar kamfanin sabulu, bai taɓa leƙawa ta ramin ƙofa ba. Da kunne yake aiki. Hon ɗin motar kaya kamar saniya mai mura yake, na motar akanta kuwa kamar an taka wa ɗan akuya ƙafa. Dubban motoci ke wucewa a titin, amma da tasu ta yi kuka, kafin Baba ya san ya ji, hannunsa ya riga ya kai ga sakata.

Ran Litinin manaja ya danna hon sau biyar a bakin ƙofa, Baba na kan benci yana yankan farce abinsa. Sai da manaja ya fito ya doki ƙofar da takalmi. Nan take ya tura shi asibiti gwajin kunne, ya ce in kurma ne ya ajiye makullai.

Wata nas ta sa shi a wani ɗan ɗaki kamar akwati, ta kifa masa wasu kofuna biyu a kunne.

"Baba, duk sanda ka ji ƙara, ɗaga hannu."

Ta danna na'ura, ta ƙara, ta kai har ƙarshe. Baba ya harɗe hannu yana kallon rufi. Ta jawo takarda za ta rubuta, sai tausayi ya kama ta, ta buɗe ƙofar.

"Baba, ko ɗaya ba ka ji ba?"

"Na ji mana, 'yata. Sirara uku a dama kamar sauro, masu kauri biyu a hagu, sai wata 'yar mitsitsiya da ta zo da kunya."

Ta duba na'urarta. Har 'yar mai kunyar tana nan.

"To me ya hana ka ɗaga hannu?"

"Ai ba namu ba ne."

"Naku su wa?"

"Na kamfani. In kowane ɗan iska ya yi fito na miƙe, da tuni gwiwoyina sun yi ritaya sun bar ni."

Nas ta yi dariya har da riƙe ciki. Can ta ce, "Manajan nan naku, ya sauya mota ne?"

Baba ya tuno motar manaja. Lallai da ya buɗe ƙofa ya ga wata baƙa tana sheƙi, shi dai ya ɗauka wanki ta sha.

Washegari ya miƙa wa manaja takardar asibiti ta tagar mota, amma bai taɓa sakata ba.

"Ranka ya daɗe, kunne garau. Kai ne ka kawo baƙuwa ba ka gabatar da ita ba. Danna mu gaisa."

Ma'aikata sun yi cirko-cirko. Manaja ya karanta takardar, ya cije leɓe, ya danna.

Baba ya rufe ido. "Ƙara."

Ya ƙara.

"Agwagwa mai jin yunwa," in ji Baba, ya zare sakata. "Shigo, kin zama tamu."