Furen da Ba Ya Ɗaga Kai

Mai hoto ya yi shekara da shekaru yana gyara wa mutane zama a shagonsa. Ko amarya ce ko ɗan makaranta, sai ya kama haɓar mutum da yatsu biyu ya juya ta wajen fitila kafin ya danna. Hannun ya saba, har ba ya neman izinin mai shi.

Yayarsa ce ta tura shi daji. Ta koyar da ilimin tsirrai har ta yi ritaya, yanzu kuma ciwon ƙafa ya ɗaure ta a gado. A wata fadama bayan gari akwai wani farin furen daji, irin wanda littattafanta ke kira okid, da take zuwa dubawa kowace damina. Da can suna da yawa, amma bara ƙwaya ɗaya tal ta tarar.

"Ka ɗauko mini shi in ga ko yana nan," in ji ta. "Hotonsa na ce, ba shi ba. In ya samu ya yi iri, wataƙila baɗi su ƙaru."

Da sassafe ya saɓa jakar kyamara, matarsa ta ɗauki laima da gorar ruwa, wai ita ba za ta bar tsoho ya nutse a taɓo babu shaida ba.

Abin da suka fara cin karo da shi ciyayin nan ne masu cin ƙwari, waɗanda Yaya ta kwatanta masa. 'Yan ƙanana ne, jajaye, ganyensu duk gashi, a kan kowane gashi akwai ɗigo mai danƙo kamar raɓa. Wani ƙuda ya sauka ya maƙale, ganyen ya shiga naɗe shi a hankali. Mai hoto ya kwanta rub da ciki ya yi ta ɗauka.

"Yau ka samu wanda ba ka ce masa ya yi murmushi ba," in ji matar.

Sai da rana ta take suka ga furen, a gindin wani ruɓaɓɓen kututture. Shi kaɗai ne, siriri, fari fat, ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Mai hoto ya ɗauka ta dama, ya ɗauka ta hagu, duk ƙeyar furen yake samu. Abin ya ɓata masa rai. Shi da bai taɓa sallamar mutum da hoton ƙeya ba!

Bai ma san lokacin da yatsun nan biyu suka kai ba. Ya ɗago kan furen wajen haske, sai ya ji ɗan ƙas a yatsunsa.

Matar ta dube shi, ta dubi furen. Shi kuwa ya karyo tsinke ya tokare karyayyen wuyan furen ta baya, ya gyara kusurwa yadda tsinken ba zai fito ba, ya danna. Hoton ya yi kyau ƙwarai. A hanyar dawowa maganar tsadar taya kawai suka yi.

Da yamma ya miƙa wa Yaya kyamarar. Ta sa tabarau ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ta yi dariyar ƙudan. Da ta zo kan farin furen sai ta daɗe tana kallo.

"Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba," in ji ta. "Kullum sai na durƙusa nake leƙa shi."

"Haske ne ya yi kyau, Yaya."

"Uhm." Ta cire tabarau ta ajiye. "Ya karye gaba ɗaya, ko da saura?"

Ya ji kunya irin wadda rabonsa da ita tun yana yaro. Ya ce, "Gaba ɗaya."

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta ce ya wanko mata hoton babba, tunda yanzu shi ne ya rage. Daga nan ta jingina da matashi, ta ce ya ɗauke ta ita ma, don ta daɗe ba ta yi hoto ba.

Ya ɗaga kyamara. Kanta ya karkace gefe, ɗankwalin ya zame, rabin fuskarta na cikin inuwa. Hannunsa ya miƙa wajen haɓarta, ya tsaya a hanya. Ya mayar da shi, ya ɗauke ta a yadda take.