Jan Layin Baba Sumaila

Ana cikin ɗora ruwan wankan gawa Ruwaida ta shiga ɗakin Baba Sumaila, ta ɗauki siririn buroshinsa da gwangwanin jan fenti ta tura cikin jakar littattafanta. Ba wanda ya lura. Matar marigayin, Mma Azaratu, tana zaune a kan benci ta kasa ko kuka, maza kuma suna ta fama da kafa rumfa da jera kujerun roba. An ce bayan azahar za a kai shi.

Baba Sumaila maƙwabcinsu ne a unguwar Moshi Zango, ƙofa da ƙofa. Shi ke zana wa masu aski allon shago, shi ke ƙawata bayan motocin haya da ake kira trotro. Duk mutumin da ya zana kuwa, sai ya ja masa siririn jan layi a wuya kafin ya ajiye buroshi. Haka maigidansa ya koya masa: hoton da aka raba kansa da gangar jikinsa ba mai rai ba ne, gobe kiyama ba za a ce ya busa masa rai ba. Masu aski kan tsokane shi wai yana yanka musu kwastomomi, shi kuma ya ce gara su da shi.

Ana nan sai ga Abdul-Latif, mai kula da zauren baje zane na laburaren da Ruwaida ke wuni a ciki. Ya bi shaguna ya ari allunan Baba, ya ce za a rataye su duniya ta gani. Har shi kansa ya sa Baba ya zana shi, da kwat da tabarau, don a kafa a bakin ƙofa. Ranar buɗewa Ruwaida ce ta riƙo hannun tsohon. Suna shiga ya tsaya cak. An bi kowane wuya da fenti kalar fata, babu jan layi ko ɗaya.

"Gyara na yi maka, Baba," in ji Abdul-Latif. "Baƙi za su zo daga Akara. So kake su ce yankan mutane muke yi a Zango?"

Baba ya roƙe shi, har da cire hula. Aka ce ya bari sai an rufe bajen. Daga nan ya koma gida ya kwanta, hawan jininsa ya tashi, bai sake miƙewa ba. Ta jikin bango Ruwaida kan ji shi yana kiran fuskokin ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar Mma Azaratu da wane numfashi zai tashe su. Ta je ta roƙi Abdul-Latif. Ya ce ta koma kan littafinta in tana son katin laburarenta ya kwana a hannunta.

Yau da asuba Baba ya cika. Da hantsi Abdul-Latif ya zo gaisuwa cikin farar shadda, yana gaya wa mutane shi ne ya fito da marigayin idon duniya, kuma yau ma zai kai wasu baƙi su ga aikin. Ruwaida na riƙe da buta a lokacin. Ta ajiye ta, ta nufi ɗakin Baba.

A ƙofar laburare Boukari mai gadi ya dubi jakarta, inda fenti ya fara tsattsafowa.

"'Yar littafi, ba kya gidan rasuwa?"

"Aike aka yi ni."

Ya ƙara duban jakar, sannan ya ɗauki butarsa ya ce bari ya je alwala, yau ƙafafunsa sun yi datti da yawa.

Zauren shiru, sai fanka. Yarinyar da ko shafin littafi ba ta taɓa lanƙwasawa ba ta hau kujera. Layin farko ya karkace. Ta yi bismilla ta ci gaba: mai aski da kwastomansa, ɗan dambe, mai wake da shinkafa da ludayinta, har jaririn da ke goye. Kowanne ta ja masa siriri, yadda Baba ke yi.

Na bakin ƙofa ta bari a ƙarshe. Ta dubi tabaran nan da murmushin nan, ta ajiye buroshi. Yatsu ta tsoma cikin gwangwanin, ta ja daga kunne zuwa kunne, ta danna sosai, har jan ya gangaro bisa farar rigar da ke cikin kwat.

A haka Abdul-Latif ya same ta, baƙinsa na biye. Wata mata a cikinsu ta dubi hoton, ta dubi wuyansa, ta ɗaga waya ta ɗauka.

"Kin san abin da kika yi?" in ji Abdul-Latif.

"Hoton naka ma aikin Baba ne. Shi za a tambaya gobe kiyama." Ta ciro katin ta ajiye masa a kan tebur, da shatin yatsunta a jiki. "In liman ya ce a yafi juna, ka ce ka yafe. Ni dai ban yafe maka ba."

Ta fito titi. Ta juya ta kalli tagar da take zama kusa da ita, sannan ta tari trotro.

Tana isa ana fitowa da makara. Ta raɓe jikin bango har maza suka wuce. Mma Azaratu ta kama hannunta, ta juya shi, ta daɗe tana kallon jan.

"Duka?"

"Duka, Mma."

Sai a lokacin tsohuwar ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suka soma girgiza. Ruwaida ta tsugunna a ƙofar ɗakin Baba, ta tsoma buroshin cikin gwangwanin kananzir, tana kallon jan yana bajewa a hankali.