Motar Fa'izu Ta Tsaya a Hanyar Burodi

Duk tashar Konni an san Chindo ba ya amsa waya a asirce. Kukan inji ya cinye masa kunne tun yana jan albasar Galmi zuwa kurmi, saboda haka ko wa ya kira shi sai ya buɗe murya, ya ajiye wayar a kan benci, kowa ya sha labari. Mun yi tsegumi har mun gaji, mutumin nan ko a jikinsa.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne, yana zaune gun mai shayi tare da Idi, abokinsa na Tsarnawa. Tare suka yi karen mota, tare suka tsufa, kuma tare 'ya'yansu suka tafi Rasha, Sufyan na Chindo da Fa'izu na Idi. Wani ɗan kamasho ne ya ce musu aikin tuƙi ne. Bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗi inda hanyar ta nufa ba. Burodi da ruwa da batir da harsashi suke kai wa sojojin da ke bakin daga, a yaƙin da ake yi da Yukren.

Sufyan ya sha yi wa tsofaffin bayanin aikin. Ya ce soja komai ƙarfinsa cikinsa na bayansa, in aka yanke hanyar abinci ramin da yake ciki ya zama kabari. Shi ya sa kowane ɓangare ya fi farautar direba a kan mai bindiga. Ƙananan jirage marasa matuƙa ke shawagi a kan hanyar, kamar shirwa a kan 'yan tsaki. Doka ɗaya ce a can: ba a tsayawa. Chindo ya tsani wannan doka, don shi a zamaninsa direban da ya wuce ɗan'uwansa a daji bai tsaya ba, ba a ƙara cin tuwo da shi.

Wayar ta yi ƙara, Chindo ya buɗe murya ya ajiye. Sufyan ne, kuma bai tsaya gaisuwa ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce yana cikin ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda suke lodi. Motar Fa'izu ta tsaya a tsakiyar hanya, an fasa mata ƙafa, shi kuma ya faɗa cikin wani kwari da rauni a cinya. Fa'izun ya yi magana ta rediyo, da ransa, amma jini na zuba. Babbansu ya ce ba mai fita, domin da gangan ake barin irin wannan mota, jirgin yana laɓe yana jiran wanda zai zo ceto.

“Baba, makulli na hannuna,” in ji Sufyan. “In ka ce in tahi, in tahi. In ka ce in zamna, in zamna.”

Yaron bai san Idi na wurin ba. Da Chindo irin mutanen da ke kara waya a kunne ne, da ya ce masa zauna, ya tashi ya yi alwala, ba wanda ya ji. Amma ga Idi nan gwiwa da gwiwa da shi, kofin shayi a hannu, ya ji komai. Mai shayi ya daina fifita wuta. Ni da nake kan benci na baya, wallahi tsoro ya kama ni, har na rasa inda zan sa idona.

A wajenmu mutum ba ya fifita ɗansa a gaban uban wani. Kara ce, kuma kowa ya san yadda ake yinta: kai ka miƙa naka, shi kuma ya mayar maka. Ko tuwo aka kawo haka ake yi, balle ɗa. Chindo ya san abin da zuciyarsa ke so, a fuskarsa ma an gani. Amma ya san Idi tun suna wanke taya, ya tabbata mutumin kirki ne da ya san ya kamata. Sai ya gyara murya ya yi abin da aka koya masa.

“Mi kake tambaya ta? Ɗan'uwanka na kwance bisa hanya. Mu ba mu wuce namu.”

Ya faɗa yana kallon Idi, ba wayar ba. Saura Idi ya karɓe ya ce a'a, yaro ya zauna, abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa. Kalma biyu ce, kuma dukanmu ita muke jira.

Idi ya ajiye kofin a ƙasa. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa. Daga can cikin wayar ana jin wani na faɗa da yaren mutanen can, ana jin numfashin Sufyan. Chindo ya matsar da wayar kusa da gwiwar Idi da ɗan yatsa, a hankali, kamar mai tura wa baƙo kwano. Idi ya dubi wayar, ya sunkuyar da kai.

Ban ga laifinsa ba, kuma har gobe ba zan gani ba. Ɗansa ne ke zubar da jini a cikin kwari.

“To, Baba,” in ji Sufyan. “Ku yi muna addu'a.”

Muka ji takun ƙafa a kan matakala, muka ji ƙofar mota, inji ya tashi. Chindo ya wawuri wayar da hannu biyu ya manna a kunne, ya ce dakata, amma layin ya riga ya yanke. Ya kira, ba ta shiga ba. Ya sake kira.

Idi bai ɗago ba. Da wata siririyar murya ya ce, “Ka yahe mini, Chindo. Na kasa.”

Chindo yana ta danna lambar.