Harsashi Biyu Masu Lotsattsen Baki

Torvald da kansa yake ɗura wa harsasan farautarsa albarushi a gareji. Ran nan da safe matarsa Gunvor ta ga bakin guda biyu ya lotse, injin ɗurin ya matse su.

"Tsoho, zubar da waɗannan."

"Ke dai sha kofinki, uwar tsoro," in ji shi yana dariya. Ya kankare bakin da wuƙa.

Tare suka shiga daji. Harbin farko ya sami aladen daji a kafaɗa, bai faɗi ba. Harsashi na biyu, ɗaya daga cikin lotsattsun, ya maƙale a bindiga. Aladen ya taso, ya farke cinyar Torvald da haure. Gunvor ta danne raunin da hannu biyu, jini na ɓulɓulowa ta tsakanin yatsunta, har mijinta ya daina numfashi.