Injin Numfashin Silvanus

Karo na biyu ke nan likitan yana ɗaura abin awo a dantsen Silvanus, kuma wannan karon bai yi wa kowa murmushi ba. Milka tana tsaye bayan kujerar mijinta da takalma wari da wari, domin da kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa da safe, bakinsa ya karkace ya kasa kiran sunanta, ba ta tsaya duba abin da ta zura a ƙafa ba. Kafin mai keke ya sauke su a asibiti bakin ya dawo daidai, har gogan ya fara cewa su koma gida kada su ɓata wa mutane lokaci.

"Malam, watan jiya jininka ya sauka har na rage maka magani," in ji likitan. "Yau ya fi ranar da ka fara zuwa. Kana sa injin nan kuwa idan za ka kwanta?"

Silvanus ya ɗaga kai yana kallon silin. Shekara talatin yana koyar da lissafi a Kafanchan, amma in tambaya ta matse shi sai ya koma ɗan aji uku.

"Likita, injin ba ya gida," in ji Milka. "Sati uku ke nan."

Minsharin Silvanus ba wanda bai san shi ba a unguwa. Maƙwabta sukan ce jirgin ƙasan Kafanchan bai mutu ba, ɗakin Malam ya koma. Su dariya suke yi. Ita Milka ba ƙarar ce ke tsorata ta ba, shirun da ke biyo baya ne, lokacin da ƙirjinsa zai tsaya cak har sai ta zungure shi ya zabura yana haƙi. 'Yarsu Patricia, da ke aikin jinya a Jos, ita ta kai shi aka gwada, ta kawo wani ɗan inji mai tiyo da abin rufe hanci, ta haɗa masa da sola. Wata biyar mutumin nan ya zama sabo. Ciwon kan safe ya tafi, ya daina gyangyaɗi a coci, har gona ya koma.

Sai Baba Justin ya kwanta. Shi ne yayan mahaifin Silvanus, shi ya rene shi ya sa shi makaranta, yana wani ƙauye a bayan Zonkwa. 'Yarsa Miriyam ta zo har falo ta ce numfashi yana yi wa Baba wuya, kuma sun ji ana cewa akwai oksijin a gidan nan. Silvanus da kansa ya naɗe tiyon ya sa mata a jaka. Milka ta buɗe baki ya harare ta. A danginsu sandar guragu ɗaya ta zaga gida bakwai, ina kuma ga abin numfashi.

Likitan ya ajiye biro.

"Ba oksijin ba ne, Mama. Iska kawai yake turawa don kada maƙogwaron mijinki ya rufe. Ba abin da zai yi wa tsohon. Amma shi wannan, duk lokacin da numfashinsa ya tsaya jini yakan yi tsalle ya daki jijiyoyi, sau ɗaruruwa kafin gari ya waye. Injin ya ba su hutu har sun fara laushi. Da an cire shi, sati biyu ya isa su koma gidan jiya." Ya dubi Silvanus. "Abin da ya same ka da safe ƙwanƙwasa ƙofa aka yi. Ba na so mai ƙwanƙwasawar ya dawo ya tarar kana kwance ba injin nan, ko na kwana ɗaya."

Aka ba shi gado zuwa yamma. Nas tana juya baya ya kama gefen zanen Milka.

"Maman Patricia, kada ki je. Mutumin da ya rene ni? A ce na aika a cire masa numfashi daga hanci?"

"Ba ka ji likita ba ne?"

"Na ji. Su ba su ji ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ƙara jin haushinsa. Ta zare zanenta daga hannunsa ta nufi tasha.

Bas ɗin Zonkwa ya yi ta tsayawa yana ɗaukar buhunan citta, daga can ta hau ɗan acaba. Duk hanyar ta yi ta shirya maganar da za ta faɗa, tana warwarewa. Gaba kura baya siyaki. Ta san abin da ake kiran matar da aka auro idan tsoho ya mutu jim kaɗan bayan ta shiga ɗakinsa: mayya. Ta san wata da aka daina cin abincinta har ta bar garin.

Tsakar gidan cike yake da matan zumuntar coci, suna zaune a kan bencina suna waƙa ƙasa-ƙasa. Miriyam ta taso da fara'a.

"Matarmu! Kin zo duba Baba ne? Ina maigida?"

"Yana asibiti, Anti."

"Ayya, Ubangiji ya taɓa shi. Shigo."

Ɗakin yana warin man zafi. Baba Justin yana kwance a jingine da filo uku, ƙafafunsa a kumbure, numfashinsa gajere-gajere. Ga injin nan a kan tebur kusa da kansa, an lulluɓe shi da farin leshi, an ajiye Littafi Mai Tsarki a gefe. Wayar wutarsa tana reto a ƙasa ba a haɗe da komai ba.

"Anti, ba ku kunna shi ba?"

"Da wane wuta? Taransifoma ya ƙone tun damina." Miriyam ta gyara leshin. "Amma tun da muka kawo shi Baba yana samun barci. Kowa ya zo sai ya nuna masa, ya ce ka ga abin da ɗana ya aiko mini."

Milka ta tsura wa leshin ido. Sati uku mijinta yana shaƙewa, jijiyoyinsa suna shan duka, don a yi wa tebur ado. Ta so ta yi ihu. Sai ta lura da hannun tsohon. Tiyon injin ya fito ta ƙarƙashin leshin, yana riƙe da bakinsa gam a kan ƙirjinsa, kamar yaro da gefen zanen uwa.

Ta durƙusa.

"Baba, Milka ce. Ɗanka ba shi da lafiya. Likita ya ce in bai sa wannan yau ba, zai iya faɗuwa bai tashi ba."

Idon tsohon ya juyo kanta a hankali. Ko ya ji ko bai ji ba, Allah kaɗai ya sani. Hannun dai bai saki ba.

"Silvanus yana tafiya da ƙafansa," in ji Miriyam, fara'ar ta tafi. "Minshari ne kawai. Wa minshari ya taɓa kashewa? Ke bari Baba ya samu sauƙi tukuna."

"Ba zai ba shi sauƙi ba, Anti. Ku kawo shi asibiti, ni zan nemi mota."

"Shi ya ba mu da hannunsa. Shi ya aiko ki?"

Milka ba ta iya ƙarya a gaban mara lafiya.

"Bai aiko ni ba."

Waƙar waje ta tsaya. Mata uku sun riga sun tsaya a bakin ƙofa, sun tare haske. Milka ta yaye leshin ta ninke shi, ta sa injin a jaka. Saura tiyon. Ta kama yatsun tsohon, sanyi ƙalau, ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya, tana cewa Baba yi haƙuri, Baba yi haƙuri. Na ƙarshen ya fi sauran ƙarfi. Da ta zare, hannun ya ci gaba da lalube a kan bargo.

"Matarmu," Miriyam ta ce a bayanta, murya ƙasa. "In wani abu ya faru a ɗakin nan, kowa ya ga hannun da ya ɗauka."

Ba wadda ta amsa sallamarta a tsakar gida. Wata tsohuwa ta janye ƙafarta don kada zanen Milka ya taɓa ta.

Bas ɗin komawa ya wuce rabin hanya, jakar tana kan cinyarta ta rungume, sai wayarta ta fara ruri. Ba ta ɗauka ba. Ta bar wa nas ɗin asibiti lambarta da safe, ta ce a kira in abin ya dawo. Wayar ta yanke, ta sake ruri. Mutumin da ke kusa da ita ya ce, "Madam, ana kiranki fa."

Ta zaro ta ta duba. Sunan Miriyam ne, ba nas ɗin asibiti ba ce.

Ta san abin da za a gaya mata, ta san kuma sunan da za ta ɗauka a dangin nan har ta mutu. Amma abin da ya fara sauka a zuciyarta, Allah ya yafe mata, sanyi ne.