Jar Sakatar Baba Sanda

"Ku kama bakin tabarmar! Kada wanda ya taɓa masa ƙirji!"

Muryar Badaru bakanike ce ta fito da Munawwara daga ɗaki. Ta taka turmi ta leƙa ta saman katangar da ta raba gidansu da na Baba Sanda. Maza ne suke shigo da shi ta zaure a cikin tabarma, suna tafiya a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai. Ƙafarsa ɗaya da silifa, ɗaya babu. Matarsa Inna Hawwa tana biye, ta dafe kai da hannu biyu, bakinta na motsi amma ba a jin abin da take faɗi.

Jiya da la'asar babbar motar Alhaji Maikano, dillalin riɗi na Gwaram, ta sauko wa Baba Sanda a ƙirji yana gyaranta a kan hanyar Basirka. A asibiti aka ce a wuce da shi Kano. Shi kuwa ya ce wanda ya shekara talatin yana sauraren inji ya san ƙarar da ba ta gyaruwa, a mayar da shi ɗakinsa.

Munawwara ta sauko daga turmin, ta zura hijabi, ta zagaya.

Tun rasuwar mahaifinta tana ƙarama, gidan nan biyu suka zama ɗaya. Ita ce mai kai wa Baba Sanda abincin rana garejinsa da ke bakin babban titin Birnin Kudu. A nan ta san jak ɗinsa, wani ƙaton ƙarfe na ɗaga mota da sai mutum biyu suke ɗaukarsa. A jikinsa akwai ramuka a jere, da wani ƙarfe mai kaurin taɓaryar yara da ake zurawa a ramin idan mota ta tashi sama. Sauran makanikai fil suke ce masa. Baba Sanda sakata yake kiransa. Ya shafa masa jan fenti, ya ɗaure shi da sarƙa a jikin jak ɗin don kada ya yi ƙafa.

"Zo ki riƙe mini raina, 'yar Malam," haka yake ce mata. Sai ta riƙe sakatar yana buga jak. Idan motar ta tashi ya karɓa ya zura, ya saki man jak ɗin kaɗan har nauyin ya zauna a kan ƙarfen, a ji ƙwas. Sannan ya daki jikin motar da tafin hannu, ya yi bisimilla, ya kwanta ya shige.

"Man jak ba shi da amana," in ji shi. "Yana iya zurarewa kina tsakiyar atishawa. Ƙarfe kuwa ba ya ƙarya."

Shi ya sa maganar da ta riƙa ji a zaure a kwanakin jinyar take ƙona mata rai. Masu dubiya suna fitowa daga ɗakin, su tsaya sa takalmi, su rage murya.

"Wai guntun rodi ya zura a madadin fil."

"Sanda da kansa?"

"Wallahi daga bakin Alhaji Maikano na ji. Ya ce har roƙonsa ya yi ya bari a samo fil, ya ce ba komai. Shi ya jefar da nasa a wani wuri, ya manta."

"Tsufa ke nan. Allah ya sa mu gama da hankalinmu."

Munawwara tana tsugune a bayan ƙofa tana wanke kofuna. Ta ji su sarai, ta ci gaba da wankinta. Ita ko a makarantar da take koyarwa, 'yan bencin baya kullum ƙorafi suke ba sa jin muryarta. Amma ta goge kofi ɗaya har sai da yatsunta suka yi zafi.

Wata rana da hantsi, Inna Hawwa ta fita dama kunu, ta bar ta tana yi masa fifita. Numfashinsa yana fita da wata ƙara kamar ana jan busasshen kara a ƙasa.

"Baba," ta ce, "ina sakatarka?"

Ya buɗe ido. Sai da ya tara numfashi kafin ya amsa.

"Alhaji ya aiko aron jak, satin da ya wuce. Ya dawo ba ita. An datse sarƙar."

"Me ya ce?"

"Wai ta faɗi a hanya." Ya yi tari, ya runtse ido har zafin ya wuce. "Na ba maƙeri ya yi mini wata. Bai gama ba aka zo kirana."

"To me ya sa ka shiga?"

"Sifirin da ke ɗauke da nauyin motar ya karye, mota cike da riɗi, ga hadari ya haɗo. Na ce a sauke kaya. Ya ce ruwa zai lalata. Na ce a jira in aika a kawo kututturan da nake tokare mota da su. Ya tsinto rodi a gefen kwalbati ya miƙo mini. Ya ce, 'Kai da ake yabo, yau tsoro kake ji?' A gaban yaran mota." Ya yi wani ɗan murmushi da bai kai ido ba. "Ni ma da laifina, 'yar Malam. Na ji kunyar da ba ta kamata ba."

"Yana gaya wa mutane kai ka jefar da ita. Wai shi ya hana ka shiga."

Baba Sanda ya juyo da ido gare ta.

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

"To. Allah ya gani." Ya juya fuska wajen bango. Ta ga hawaye ya gangaro ya shige cikin furfurar gemunsa. Ciwon ƙirjin bai sa shi kuka ba, ko lokacin da ake juya shi.

Ya cika washegari bayan azahar, Inna Hawwa tana cire masa baƙin man da ke ƙarƙashin farce da tsinken tsintsiya da ruwan ɗumi. Ta gama hannun dama, ta kama na hagu, sai ta ji ya yi nauyi. Ba ta yi ihu ba. Sai da ta ƙarasa yatsun duka sannan ta ce, "Munawwara, kira mini ƙaninsa Ɗayyabu."

Aka kai shi kafin magariba. A kan hanyar dawowa daga maƙabarta ma maganar rodin ake yi. Munawwara ta ji ta a bakin matan da suka zo gaisuwa, ta ji ta a bakin mai sayar da ruwa. Mutumin da ya koya wa rabin makanikan garin yadda ake shiga ƙarƙashin mota a fito da rai, yanzu da shi ake yi wa yara misalin ganganci. Idan ta ɗaga hannu za ta yi masa addu'a, sai ta tsinci bakinta yana kiran sunan Alhaji Maikano, kuma ba alheri take roƙa masa ba.

Ranar sadakar uku Alhaji ya zo daga Gwaram. Shi a motarsa, a bayansa tarakta tana jan tirela da buhunan shinkafa da jarkokin mai. Aka sauke a zaure, mutane suna ta sa albarka. Da yake ƙofar gidan cike take da tabarmi, direban ya shigar da taraktar lungu ya ajiye ta daidai ƙofar gidan su Munawwara, ya tafi cikin masu addu'a.

Faranti aka aike ta ta ƙaro daga gidansu. Tana raɓawa tsakanin taraktar da tirelar, sai idonta ya faɗa kan wurin da aka haɗa su. Ƙarfen da aka zura ya riƙe su ja ne. Fentin ya goge a tsakiya, amma kan yana nan da jansa, ga guntuwar sarƙa tana lilo.

Ta tsaya. Hannun nan nata ya riƙe ƙarfen nan tun kafin ta iya rubuta sunanta.

Abin da ya fara zuwa mata a rai ba mai kyau ba ne. Ta hango gangaren kan hanyar Gwaram, ta hango motar Alhaji tana bin tirelar a baya. In ta ɗaga sakatar rabi ta bar ta, gargadar hanya za ta ƙarasa aikin. Ta daɗe da wannan hoton a ido, kuma ya yi mata daɗi. Sai ta ji dariya. Yaran unguwa ne suka ɗare cikin tirelar suna tsalle, suna tsintar shinkafar da ta zube.

"Ku sauka," ta ce. Ba su ji ba. "Na ce ku sauka!"

Suka dire suka watse, suna waiwayenta, don ba su taɓa jin ta ɗaga murya ba.

Ta mirgino dutse ta tokare ƙafar tirelar gaba da baya, yadda ta ga yana yi. Ta kama kan sakatar ta murɗa, ta ja. Sai da ta sa gwiwa ta dage sannan ta fito, ta bar mata baƙin maiƙon giris a tafin hannu. Ta shiga gida ta ɗauko babban kwanon sha mai murfi, wanda ake fito da shi don manyan baƙi. Ta kwantar da ƙarfen a ciki ta rufe.

A ƙofar gida an shafa addu'a. Liman ya gyara zama ya dubi Ɗayyabu, ƙanin mamacin.

"Alhaji Maikano ya zo da magana. Tunda a ƙarƙashin motarsa abin ya faru, yana neman iyali su yafe, ko da babu hannunsa."

"Ni dai na yi iya yina," in ji Alhaji, yana jan carbi. "Na ce Malam Sanda, rodi ba ya riƙe mota. Ya ce shi ya san aikinsa. To, kwana ya ƙare. Allah ya yafe masa gangancin, mu ma ya yafe mana."

Ɗayyabu ya buɗe baki. A lokacin ne maza suka fara matsawa suna ba da hanya, suna kallon juna, don mace ba ta ratsa zaman makoki. Munawwara ta taka har gaban Alhaji, idonta a ƙasa. Ta durƙusa ta ajiye kwanon.

"Alhaji, ga naka. Na musamman ne."

"A'a, 'yata, har da wahala? Allah ya yi albarka." Ya ɗaga murfin.

Alhaji ya yi saurin mayar da murfin, amma Badaru da ke gefensa ya riga ya gani. Ya sa hannu ya ɗauko ƙarfen, ya ɗaga shi sama.

"Sakatar Sanda ce. A ina kika samo ta?"

"A jikin tirelar da ta kawo shinkafa," ta ce. Muryarta ƙarama ce, amma babu wanda bai ji ba.

"Haba, ƙarfe ai ƙarfe ne," in ji Alhaji. "Kasuwa cike take da irinsa. Yarinya ba ta san..."

Badaru bai tsaya saurare ba. Ya shiga zaure shi da wani suka kinkimo jak ɗin suka dire a tsakiyar tabarma. Ragowar sarƙar tana rataye a jikinsa. Ya haɗa bakin da aka datse da guntuwar da ke kan sakatar, suka zauna daidai. Ya zura ta a rami. Ƙwas. Makanikan da ke wurin duk suka sunkuyar da kai, don sun san wannan ƙarar.

"Fil ɗin tirelarka ya ɓata, ka datse na mutum ka sa," in ji Badaru. "Ka miƙa masa rodi. Bai ishe ka ba, ka bi gari kana cewa ya tsufa."

Alhaji ya dubi Liman. Liman yana kallon jak ɗin. Ɗayyabu ya rufe bakin da ya buɗe.

Daga bayan ƙofar zaure muryar Inna Hawwa ta fito, a dishe.

"Malam Liman, a gaya masa ban yafe ba. Ransa na bar wa Allah, amma sunansa da aka ɓata ban yafe ba. A kwashe masa shinkafarsa."

Alhaji ya miƙe yana laluben takalmi da ƙafa. Direbansa ya matso yana sosa ƙeya. "Alhaji, to da me za mu ja tirelar?"

Badaru ya laluba aljihun rigarsa ya zaro wani guntun rodi da ya lanƙwashe kamar lauje. Tun ranar da ya ciro abokinsa daga ƙarƙashin motar yake yawo da shi. Ya jefa shi a gaban Alhaji.

"Ga naka. Ai ranar ka ce yana riƙewa."

Babu wanda ya yi dariya. Duk makanikan Birnin Kudu suna zaune a wurin, babu wanda ya ce yana da ƙarfen aro. Taraktar ta fita daga lungun ita kaɗai, hancin tirelar ya faɗi ƙasa ya tayar da ƙura.

Munawwara ta koma cikin gida ta zauna kusa da Inna Hawwa. Tsohuwar ta kamo tafin hannunta ta duba giris ɗin. Ta jawo ruwan ɗumi da tsinken tsintsiya.

Da yamma tirelar tana nan a lungu, hancinta a ƙasa, buhunan da aka mayar a jibge a cikinta, kaji suna tsattsagar shinkafar da ta zube. A zaure kuwa jak ɗin yana jingine da bango, kusa da silifa ƙafa ɗaya, jar sakatar a raminta.